Shanun da ke Jikin Duwatsun Birnin Kudu

A bayan garin Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai waɗansu duwatsu masu koguna, watau Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda mutanen dā suka bar zane-zane a jikin dutse. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, shi ne ya gabatar da bayaninsu a taron masana da aka yi a Livingstone cikin 1955.

Abin da mai kallo zai fara lura da shi shi ne abin da mai zanen ya bari. Bai sa bishiya ba, bai sa rafi ko gajimare ba. Galibin abin da ya zana shanu ne, waɗansu an cike jikinsu da jan launi, waɗansu kuwa an ja musu layi ne kawai a kewaye. Ga su nan tsaye daga gefe, shiru, kamar garken da hazon hunturu ya ɓoye duk abin da ke bayansa. Wannan natsuwa ita ce ruhin zanen.

Sa'an nan sai maganar tozo. Shanun Fulani da ake gani yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, irin su bunaji, masu tozo ne. Na jikin dutsen kuwa ba su da shi, bayansu a miƙe yake, ga waɗansu da dogayen ƙaho. Mai gaggawa zai ce ai kuskuren hannu ne, ko kuwa salo. Ba haka ba ne. Irin shanun da mai zanen ya sani ke nan, waɗanda suka riga masu tozo zama a wannan ƙasa, kuma yanzu babu su a nan. Don haka tilas mai fassara zane ya rarrabe abin da mai zane ya rage da gangan da abin da idonsa ya gani.

Ma'anar kuwa ba a jikin zanen kaɗai take ba. Kusa da shi akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙuge, duk sun yi gurabe saboda yawan bugu. A zamanin Fagg amare kan je can su kaɗa su kafin a ɗaura aure. Saniya ita ce dukiya, ita ce nono da haihuwa, saboda haka mai yiwuwa ne ba banza ba amarya ta tarar da ita a kogon. Amma fa masu zanen ba su bar rubutu ba, kuma ƙarnuka da yawa ne tsakaninsu da amaren nan.