Shin Ko Kun San? Sabuwar Shekarar Sinawa

Wayar da ke aljihu da fitilar da ke ɗaki da injin feshin da ake goyawa zuwa gona, in aka duba, galibi daga ƙasar Sin suka fito. Ga kaɗan daga al'adun babban bikin masu ƙera su.

Shin ko kun san Sinawa ma da wata suke ƙirga shekarar gargajiyarsu? Bambancinsu da mu shi ne sukan ƙara wata na goma sha uku sau 7 cikin kowace shekara 19, don lissafin ya tafi daidai da lokutan noma. Shi ya sa Sallarmu ke zagayawa, yau a damina, gobe a rani, su kuwa bikinsu ba ya fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da manomin ƙasarmu ya gama kai amfani rumbu.

Shin ko kun san kowace shekara tana da dabbarta? Su goma sha biyu ne: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira Long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade. Shekarar doki ta kama ne ranar 17 ga Fabrairu, 2026, dab da azumin 1447.

Shin ko kun san su ma suna da goron Sallah? Manya kan sa sabbin takardun kuɗi cikin jan ambulan mai suna hongbao su ba yara. Ana guje wa lamba 4, domin furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa, ana kuma son 8, mai kama da kalmar arziki. Tun 2014 ake tura wannan kyauta ta manhajar WeChat.

Shin ko kun san ba a kai wa Basine agogon bango tsaraba? A harshensu, ba da agogo da raka gawa furucinsu ɗaya ne. Laima ma haka, sunanta ya yi kama da watsewa. Wanda ke son ya fita kunya, sai ya riƙa lemo.

Shin ko kun san dalilin da komai ke zama ja? Tatsuniyarsu ta ce wani dodo mai suna Nian ne ke addabar ƙauyuka a ƙarshen shekara, har aka gano yana tsoron jan launi da wuta da ƙara. Daga nan aka samo jajayen fitilu da jan rubutu a ƙofa da wasan tartsatsin wuta. Kalmar Fu, wato albarka, sukan manna ta a kife da gangan, saboda "ta kife" da "ta iso" furucinsu ɗaya.

Shin ko kun san ana share gida tas kafin ranar, amma ranar kanta ba a taɓa tsintsiya? Sun ce kada a share sa'a waje. Kifi kuma ba ya rasuwa a cimar daren jajibere, domin sunansa ya yi daidai da kalmar rara.

Shin ko kun san cunkoson tashar Funtua a jajiberin Sallah wasa ne in aka kwatanta da nasu? Cikin kwana 40 ana yin tafiye-tafiye na biliyoyi, kowa ya nufi garinsu. Masana'antu kan rufe, shi ya sa 'yan Kantin Kwari masu saro kaya daga Guangzhou ke yin oda da wuri.

Shin ko kun san zumuncinmu da Sinawa ya daɗe? Sashen Hausa na rediyon Sin, wanda ke kiran wannan biki Bikin Bazara, ya fara watsa shiri a 1963. Masaƙar Funtua kuwa ta kasance cikin rukunin masaƙun UNTL na Kaduna, wanda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China.

Ana rufe bikin ne a daren 15 ga wata da bikin fitilu. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.