Rumbun Fina-finai a Cikin Gida: Kallo Ba Tare da Ƙona Data Ba

A gidaje da dama na unguwar Bukoki a Yamai, fim ɗaya kan ci kuɗi sau uku. Uwargida ta sauke sabon kashin shirin Labarina a wayarta, ƴarta ta sauke shi a tata, ƙanen maigida ma ya sayi data ya yi haka. In ba haka ba, a yi ta turawa ta Xender har wayoyi su cika, a koma goge hotunan biki don a samu wuri. Alhali ana iya ajiye fim wuri guda, kowa ya kalla daga ɗakinsa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Wi-Fi daban, intanet daban. Ƙaramar na'urar da ke raba Wi-Fi tana iya haɗa wayoyi da talabijin da kwamfutar gida su yi musayar bayanai tsakaninsu, ko da babu data ko kaɗan a layin Airtel, Moov ko Zamani. Fim ɗin bai fita waje ba, daga wannan ɗaki ya tafi wancan.

Kayan aikin uku ne: tsohuwar kwamfuta, faifan ajiya, da na'urar Wi-Fi. Kwamfutar ita ce rumbu, kowa na ɗiba amma hatsin na wuri guda. Faifai mai terabait 1 zai ɗauki fina-finai kusan 1,000 idan kowanne bai wuce gigabait 1 ba. Sai a sa wa kwamfutar manhaja. Jellyfin, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, kuma da zarar an girka ta ba ta buƙatar intanet kafin a yi kallo. Ana nuna mata inda fina-finan suke, ita kuma ta jera su. Na'urar Wi-Fi kan ba kwamfutar adireshi irin 192.168.1.10. Wanda ya rubuta shi a burauzar wayarsa, ya ƙara :8096 a ƙarshe, zai ga jerin ya buɗe. A sa mai gyara ya tsayar da adireshin, don kada ya canja duk lokacin da wuta ta dawo. Talabijin na zamani da yawa kan gano rumbun ta tsarin DLNA, wanda ba na zamani ba kuma sai a haɗa masa ƙaramin akwatin Android.

Idan hoto na tsayawa, galibi ɗayan biyu ne. Ko dai katangar bulo ta raunana Wi-Fi, maganinsa a haɗa kwamfutar da na'urar ta kebul, a kuma ɗora na'urar a sama a tsakiyar gida. Ko kuma wayar ba ta gane nau'in fayil ɗin ba, tsohuwar kwamfuta na ta fama tana juya shi yayin kallo. Ajiye fina-finai a MP4 mai tsarin H.264 na kawar da wannan, don kusan kowace waya na karanta shi.

Babban ƙalubale a Yamai shi ne wuta. Mazauna birnin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar. Shi ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi dacewa, tunda batirinta na riƙe ta idan aka ɗauke wuta, kuma yankewar farat ɗaya na iya lalata faifai. Ga zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Kada a ɗora kwamfutar kan katifa ko a rufe ta da zane, a kuma riƙa share mata kafofin iska.

Amfanin bai tsaya ga nishaɗi ba. Tafsirin azumi, darussan ƴan makaranta da bidiyon suna da aure duk suna da wuri a ciki. Iyaye na iya buɗe wa yara nasu asusun, su zaɓa musu abin da za su gani.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Faifai na mutuwa ba sallama, don haka bidiyon iyali a yi masa kwafi na biyu. Sannan rumbun na gida ne, ba na sayar wa unguwa ba. Masu shirya fina-finan Hausa da guminsu suka yi aikin, a nemi fim ta hanyar da haƙƙinsu zai kai gare su.