CGI da FastCGI: hanyoyi biyu na aiken sabar

Aikin asali na sabar intanet, irin su Apache da Nginx, miƙa fayil ne: a nemi hoto ta bayar, a nemi shafi ta bayar. Amma idan mutum ya cike fom ko ya shiga asusunsa, babu fayil da ke ajiye yana jiransa. Dole wata manhaja, ta PHP ko Perl ko Python, ta haɗa amsar nan take. Sabar aikawa take yi a yi mata, kuma a salon aiken ne CGI da FastCGI suka sha bamban.

CGI ce babba. Ta fito a 1993 daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka, ko da yake sai a 2004 aka fitar da ƙa'idarta a takardar RFC 3875. Duk buƙatar da ta shigo, sabar na tayar da manhajar daga farko, ta zuba mata bayanai a guraben da ake kira QUERY_STRING da REQUEST_METHOD da makamantansu, ta karɓi amsa, manhajar ta rufe. Tamkar mai shayin da ke hura wuta saboda kowane kwastoma, ya kashe ta da zarar ya zuba kofi ɗaya. Idan mutum biyu ne a benci, ba laifi. Idan dubu ne, an shiga uku.

Kamfanin Open Market ne ya kawo FastCGI a 1996. A nan manhajar na zaune ne a kunne, tana sauraro ta soket, ko a kwamfuta ɗaya da sabar ko a wata daban. Ta amsa buƙata, ta jira ta gaba. Haka PHP-FPM ke aiki, wanda ya shiga cikin PHP tun daga sigar 5.3.3 a 2010, kuma galibi a ƙofa mai lamba 9000 ake samunsa. Nginx ma ba ta san CGI zalla ba sam.

Ta fuskar sauri babu gardama, FastCGI ta yi gaba. Sai dai saurin ba kyauta ba ne. Manhajar da ba ta rufewa tana tara datti: in tana da ɗan kuskuren riƙe ƙwaƙwalwa, a hankali za ta cinye ta. Shi ya sa PHP-FPM ke da pm.max_requests, don a sauya ma'aikaci, wato kwafin manhajar da ke kunne, bayan ya amsa wani adadin buƙatu. Ga kuma pm.max_children, mai iyakance yawan ma'aikatan: ka rage, jama'a su yi layi; ka yawaita, ƙwaƙwalwa ta ƙare. In manhajar ta faɗi, mai ziyara ya ga saƙon kuskure na 502. CGI ba ta da wannan ciwon kai, domin kowace buƙata da sabon allo take farawa. Ita ma dai ta taɓa jan magana: a 2014 ta waɗancan guraben da sabar ke zuba bayanai aka riƙa cin gajiyar ɓarakar Shellshock ta manhajar Bash.

A ganina, shafin da ke da cunkoso ba shi da zaɓi sai FastCGI. Amma masu cewa CGI ta mutu sun yi gaggawa. Manhajar cgit, mai nuna rumbunan Git, har yanzu da CGI take aiki, kuma mai son gudanar da ita a bayan Nginx yakan sa fcgiwrap a tsakani, ta karɓi saƙo da harshen FastCGI ta tayar da manhajar a tsohon salo.