Daren da Jirgin Kanada Ya Nufi Hanyar da Ba Tasa Ba

Yau za mu leƙa filin jirgin sama na birnin San Francisco a ƙasar Amurka, mu ji yadda matuƙa biyu ƙwararru, da idanunsu a buɗe, suka kusa sauke jirgi a kan wasu jirage huɗu cike da mutane.

Daren 7 ga Yulin 2017 ne, saura 'yan mintoci ƙarfe 12. Jirgin Air Canada mai lamba 759, ƙirar Airbus A320, ya taso daga Toronto da fasinja 135 da ma'aikata 5. Sama garau take, ba hadari ba hazo. Saboda haka aka ba matuƙan izinin saukar ido, wato su hango titi da kansu su daidaita jirgi a kansa, ba sai na'ura ta ja su har ƙasa ba. Irin wannan sauka halal ce a dokar jiragen sama, kullum ana yin ta a duniya, domin tana rage jira a sama, tana kuma sauƙaƙa wa masu hasumiya aiki.

Kowane titin jirgi yana da lamba, kuma lambar daga alƙiblar da ya fuskanta ake ciro ta. Idan tituna biyu suka jeru kafaɗa da kafaɗa, sai a ƙara wa na hagu harafin L, na dama harafin R, kamar yadda filin Murtala Muhammed na Legas yake da 18L da 18R. A San Francisco akwai 28L da 28R. Can dama da 28R kuma akwai hanyar C, wadda ba ta sauka ba ce, jirage ne ke bin ta a ƙasa su yi layin tashi.

A daren nan an rufe 28L saboda aikin gyara, an kashe fitilunsa, an kafa wata babbar alamar X mai haske a bakinsa. Matuƙan sun saba ganin tituna biyu a jere, kuma an ce su sauka a na dama. Da suka hango layin haske biyu, sai zuciya ta yanke hukunci: na hagu 28L, na dama 28R. Alhali wanda suka ɗauka na hagu shi ne titinsu, na daman kuwa hanyar C ce. Kamar mutumin da ya saba shiga ƙofa ta biyu a lungunsu ne, ranar da duhu ya ɓoye ta farko sai ya tura ta uku yana da tabbacin gidansa ne.

A kan hanyar C akwai jiragen United guda uku da wani babban Airbus A340 na Philippine Airlines, dukkansu sun sha mai sun cika da fasinja suna jiran tashi. Mutum fiye da 1,000 ke cikin haɗari a wannan lokaci.

Hankalin matuƙan bai kwanta ba. Sun kira hasumiya suka ce suna ganin fitilu a kan titi, a tabbatar musu an ba su izinin sauka. Jami'in hasumiya, wanda shi kaɗai ne a bakin aiki a lokacin, ya duba 28R ya ga wayam, ya ce musu babu kowa a kai sai su. Gaskiya ya faɗa, sai dai titin da yake magana a kai daban, inda suka dosa daban. Wani matuƙin United da ke zaune a layi ne ya yi magana a rediyo, yana tambayar ina wannan mutumin ya nufa, ai kan hanyar layi yake. Matuƙan jirgin Filifin suka kunna manyan fitilunsu. Nan kyaftin ɗin Air Canada ya ba injina wuta don ya koma sama. Kafin jirgin ya ɗaga sai da ya gangaro zuwa ƙafa 59 daga ƙasa, kimanin mita 18, ga shi jelar A340 kaɗai ta kai ƙafa 55. Allah ne ya kiyaye.

Masu sauraro, abu mafi sauƙi shi ne a ce sakaci ne a wuce wurin. Ni dai ban yarda a tsaya nan ba. Kyaftin ɗin yana da awa kusan 20,000 a sama, mataimakinsa kusan 10,000. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa sanarwar rufe 28L tana cikin takardun da aka ba su, amma a shafi na 8 cikin shafuka 27, an binne ta cikin tarkacen sanarwa marasa muhimmanci. Kyaftin ya yi fiye da awa 19 bai runtsa ba, kuma a agogon Toronto da jikinsa ya saba da shi, wajen ƙarfe 3 na dare ne.

Sai kuma na'urar ILS, wadda ke harba siginar rediyo daga ƙarshen titi ta nuna wa matuƙi tsakiyarsa. Ko a saukar ido, ana so a kunna ta ta zama shaida. A wannan hanyar sauka sai an shigar da lambar tashar rediyonta da hannu, mataimakin bai shigar ba, kyaftin ma bai lura ba. Da tana aiki, da allon gabansu ya nuna musu sun karkace dama. Matuƙan wani jirgin Delta da suka sauka 'yan mintoci kafin su ma sun ce fitilun sun rikita su, na'urorinsu suka duba suka gane titi. A ganina nan ne kan zancen yake: ido yana ganin abin da zuciya ta riga ta sa rai, don haka izinin sauka da ido bai kamata ya zama izinin ajiye na'ura ba.

Wani lokaci ma filin gaba ɗaya ake kuskurewa. A Janairun 2014 wani Boeing 737 na Southwest da zai sauka a Branson, jihar Missouri, ya hango fitilun wani ƙaramin fili mai nisan kimanin mil 7 ya sauka a can, a titi mai ƙafa 3,738 maimakon na Branson mai 7,140, sai da aka taka birki da ƙarfin gaske. A Afirka ma, a Afrilun 2021 jirgin kaya na Ethiopian Airlines ya sauka a sabon filin Ndola na Zambiya tun ba a gama gina shi ba.

Bayan daren San Francisco, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta hana saukar ido da dare a filin idan titin da ke maƙwabtaka a rufe yake, ta kuma wajabta jami'ai biyu a hasumiya har cunkoson dare ya lafa. Akwai abin takaici guda. Na'urar da ke naɗar muryar matuƙa a wannan jirgin awa 2 kawai take riƙewa, kuma jirgin ya sake tashi washegari kafin a cire ta, sabuwar murya ta hau kan tsohuwa. Duk abin da mutanen nan biyu suka faɗa wa juna a waɗannan daƙiƙoƙi ya tafi. NTSB ta nemi a mai da tsawon naɗin awa 25, kuma sai a 2024 majalisar dokokin Amurka ta sa hakan cikin doka.

Masu sauraro, duk ranar da kuke cikin jirgi kuka ji ya kusa taɓa ƙasa sai injina suka yi ruri ya koma sama, kada ku zargi matuƙi da rashin iyawa. Wani abu ya gani bai gamsu ba, ya zaɓi ya sake zagayowa, kuma abin da aka horar da shi ya yi ke nan. A nan za mu dakata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.