Shaidar da ba ta gogewa: Me bunƙasar kasuwar na'urorin leza ke nufi ga Magarya da Dungas?

Ƙananan rubuce-rubucen da ke bayan cajar waya, da kwanan watan da ke wuyan wasu gorunan ruwa na roba, da lambar da ke jikin ɗan kunnen robar da ake maƙala wa shanu a manyan gidajen gona, galibinsu ba da tawada ake yin su ba. Haske ne mai ƙarfi da ake kira leza yake ƙona fuskar kayan, ya bar shaidar da ruwa ba ya wankewa, fetur kuma ba ya gogewa.

Kasuwar na'urorin da ke wannan aiki ta kai ta biliyoyin daloli a duniya, kuma kamfanonin nazarin kasuwanni na hasashen za ta ci gaba da haɓaka a shekaru masu zuwa. Gundumomin Magarya da Dungas da ke jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar ba su cikin wuraren da ake ƙera irin waɗannan na'urori. Sai dai yankin na bakin iyaka ne, inda magani da babura da wayoyi ke shigowa, dabbobi da riɗi kuma ke fita. A irin wannan wuri, tambayar wa ya yi kayan nan, yaushe aka yi shi, kuma na wane ne, tambaya ce da kan taɓa dukiya, wani lokaci har da rai.

Yadda haske ke rubutu

A ranar 16 ga Mayun 1960 ne wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Theodore Maiman, ya kunna leza ta farko da ta yi aiki, a jihar Kalifoniya. Shekara huɗu bayan haka, a 1964, Kumar Patel, ɗan asalin Indiya, ya samar da wadda ke aiki da iskar kabon.

Na'urar sa shaida tana tattara haske ne a ɗigo guda wanda bai wuce kaurin gashin kai ba. Wasu ƙananan madubai biyu da kwamfuta ke juyawa cikin sauri su ne ke yawo da ɗigon a kan kayan. Duk inda ya bi, ko dai ya ƙona, ko ya kankare, ko ya sauya launin wurin. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu an gama rubuta lamba.

Iri uku ne suka fi yawa a masana'antu. Akwai mai aiki da zaren gilashi, wadda ta fi dacewa da ƙarfe da roba mai tauri. Akwai mai iskar kabon, wadda ake amfani da ita a kan kwali, katako, fata da gorunan roba. Sai ta uku mai ɗan sanyin haske, wadda ake sa wa kayan da ba sa jure zafi, kamar robobin magani da ƙananan kayan lantarki.

Abin da ya sa masana'antu ke komawa gare ta a fili yake: ba a sayen tawada, ba ta yawan tsayawa don gyara, kuma kowane kaya guda na iya samun lambarsa ta daban.

Doka ce ke tura kasuwar

Babban abin da ke ƙara wa waɗannan na'urori kasuwa shi ne dokokin bin sawun kaya. Tun daga 9 ga Fabrairun 2019, Tarayyar Turai ta wajabta cewa kwalin kusan duk maganin da sai da takardar likita ake sayarwa ya ɗauki lamba ta kansa, wadda mai kantin magani zai duba a na'ura kafin ya miƙa wa mara lafiya. Amurka ta kafa makamanciyar dokar a 2013. Wasu kamfanoni da tawada suke buga lambar, wasu da leza. Daga Fabrairun 2027 kuma, batiran motoci da kekuna masu lantarki da za a sayar a Turai sai sun ɗauki lambar QR da ke kai mutum ga tarihin batirin.

Manyan masu ƙera na'urorin sun haɗa da Trumpf na Jamus, Keyence na Japan, IPG Photonics na Amurka, da Han's Laser wanda aka kafa a birnin Shenzhen na China a 1996. Shigowar kamfanonin China irin su Raycus na birnin Wuhan ta karya farashi ƙwarai. Ƙaramar na'urar da za ta zauna a kan teburi, wadda a da sai babbar masana'anta ke iya saye, yanzu ana samunta a kan 'yan dubban daloli. Wannan sauƙin farashi shi ne ya kawo labarin kusa da gida, da alherinsa da kuma haɗarinsa.

Darasin sanƙarau

Mutanen Dungas ba sa bukatar a ba su labarin sanƙarau. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, mutum 559 ne suka kamu da cutar a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu a gundumar Dungas suke. A daidai lokacin, cutar ta kuma addabi jihar Jigawa da ke tsallaken iyaka. Allurar rigakafin da aka yi wa jama'a a wancan karo ta biyo ta hannun gwamnati ne da abokan hulɗarta.

Amma tarihi ya nuna cewa lokacin annoba ne masu jabu ke cin kasuwarsu. A annobar 1995, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu a Nijar, abin da hukumar ta alaƙanta da mutuwar kimanin mutum 2,500. A 2015 ma, hukumar ta fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a ƙasar. Wani abin lura a gargaɗin shi ne, a jikin wasu kwalaben lambar rukunin ta gaske ce, kwanan watan da aka yi maganin da na ƙarewar aikinsa ne na ƙarya.

A nan ne amfanin shaidar da ba ta gogewa ke fitowa. Kwanan watan da aka buga da tawada a kan roba ko kwalba, ana iya goge shi da sinadari a sake buga wani. Wanda leza ta ƙona kuwa, ba a cire shi sai an bar tabo.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko kuma marasa inganci. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2023 ya ce a ƙasashen Sahel adadin na tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin ɗari. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na Janairun 2020, wanda ya ƙudiri aniyar tsananta hukunci kan fataucin jabun magani. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta ɓullo da tsarin kankare lamba a tura ta saƙon waya tun 2010.

Sai dai matar da ta sayi ƙwayar zazzaɓi guda huɗu a hannun mai tallar magani a kasuwar ƙauye ba ta ga kwali ba, balle lambar da ke jikinsa.

Daga lalas zuwa ɗan kunne

Sa wa dukiya shaida ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Makiyaya sun daɗe suna tsaga kunnen dabba ko yi mata lalas da ƙarfe mai zafi, kowane gida da irin alamarsa. Dillali a kasuwar dabbobi kan dubi alamar ya faɗi daga inda saniya ta fito.

Tsarin yana aiki ne a inda aka san juna. Kowace Alhamis, dabbobi daga Dungas da Magarya da ma arewacin Damagaram na kwarara zuwa kasuwar Maigatari a Jigawa, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa Kano da kudancin Najeriya. Da zarar saniyar sata ta shiga mota, babu mai karanta alamar gidan da ta fito. Ban da haka, lalas na ɓata fata, ya rage mata daraja a wurin majema.

Ɗan kunnen roba mai lambar leza ba ya koɗewa da rana ko ruwan sama, kuma kowace dabba da tata lambar. Ƙasashen Botswana da Namibiya sun gina tsarin yi wa shanu rajista ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan na cikin abin da ya ba su damar ci gaba da sayar da nama a kasuwar Turai. Abin da ya sa tsarin nasu ke aiki shi ne kundin da ke bayan lambar: sunan mai dabba, rigakafin da aka yi mata, da duk inda aka kai ta. Ɓarawo na iya yanke ɗan kunne da wuƙa. Abin da zai hana shi sakat shi ne a ce babu kasuwar da za ta karɓi dabbar da ba ta da lamba.

Haka batun yake ga riɗi, wanda manoman Magarya suka yi suna a kansa. Mai yawa daga cikinsa na tsallakawa Najeriya, a haɗa shi da wani, a fitar da shi waje ba tare da sunan inda aka noma shi ba. Masu saye a ƙasashen waje na ƙara neman sanin asalin abin da suke saye, kuma manomin da ba a iya bin sawun kayansa zuwa gonarsa ba shi da bakin neman ƙarin farashi.

Ɗan jabu ma na iya saye

Sauƙin farashin na'urar bai tsaya ga masu gaskiya kaɗai ba. Mai haɗa jabun caja ko jabun kayan gyaran babur na iya sayen irin na'urar ya zana tambarin kowane kamfani, ya fito tsaf. Saboda haka kyan rubutu a jikin kaya ba hujja ba ce ta inganci.

Abu uku ne ke sa lamba ta yi amfani. Na farko, ta zama ta kaya guda ce tak. Na biyu, a samu kundin da aka ajiye ta. Na uku, a samu mai dubawa, ko jami'in kwastan, ko ma'aikacin asibiti, ko shi mai sayen da wayarsa. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ado ne.

A yankin iyaka akwai ƙarin cikas. Kundin da ke Abuja ba ya magana da wanda ke Yamai, kuma tun bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, duk wani tsari na haɗin gwiwa ya fi dogara ga fahimtar juna tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye. Alhali kwalin maganin da ya baro Kano da safe na iya kwana a Magarya.

Ina rabon matasa?

Ga matashin da ke neman sana'a, ko ɗan ci-rani a Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya da ke tunanin abin da zai zuba wa kuɗinsa a gida, ƙaramar na'urar na da kasuwa. Ana iya sa suna da lambar waya a jikin babur, allon sola, batiri, injin ban-ruwa da kayan aikin gona, abubuwan da ɓarayi ke yawan hari. Makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi na bukatar a sa wa kayansu lamba. Masu ɗinkin fata da maƙera na iya sa tambarinsu a jikin abin da suka yi. Shaidar ba ta hana sata gaba ɗaya, tunda ana iya goge ƙarfe da injin gurza, amma tabon da za a bari kan sa mai saye ya yi tambaya.

Wutar lantarki ita ce tambayar farko. Kafin 2023, Nijar na samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, kuma yanke ta da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar ya nuna haɗarin dogaro da layi ɗaya. Abin sauƙin shi ne ƙaramar na'ura ba ta kai cin kilowat ɗaya ba, don haka sola mai batiri na iya ɗaukarta. Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar madubanta ce, dole a samu ɗaki mai rufi.

Akwai kuma batun lafiya. Hasken na'urar zaren gilashi ido ba ya ganinsa, amma yana iya makantar da mutum nan take, ko da dawowa ya yi daga jikin ƙarfe mai sheƙi. Tabarau na musamman da ya dace da irin hasken wajibi ne. Robar PVC kuma ba a sa mata leza a ƙaramin shago, domin hayaƙinta guba ne. Wannan fanni ne da cibiyoyin koyon sana'a da Jami'ar André Salifou ta Damagaram za su iya horar da matasa a kai kafin na'urorin su cika kasuwa.

Kafin a kai ga nan, akwai abin da mai saye zai iya yi tun yau. A nemi ganin kwalin magani, a gwada lambar rukuni da kwanan watan da ke jikinsa da waɗanda ke jikin kwalba ko fallen ƙwayar da ke ciki, a kuma guji wanda aka ga alamar kankara ko liƙi a wurin kwanan watan. Allurar rigakafi a asibiti ake yinta. Mai sayen waya ya danna *#06# ya gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali. Mai sayen babur na hannu kuma ya duba lambar inji da ta ƙashin babur ya gwada su da takarda kafin ya ƙirga kuɗi.