Raunin ƙwaƙwalwa: jinkiri shi ke kisa

Ƙwaƙwalwa ita ce sarauniyar jiki. Daga gare ta magana take fitowa, da tunani, da tafiya, har da numfashi. Allah ya ajiye ta cikin ƙoƙon kai, wanda ƙashi ne mai tauri. To, amma wannan tauri yana da nasa haɗari: in ƙwaƙwalwa ta kumbura, ko jini ya taru a kanta, babu wurin da za ta matsa. Sai ta matse, jini ya kasa isa gare ta. Abin da ya mutu a cikinta kuwa ba ya sake tsirowa.

A cikin gundumomin Magarya da Dungas, hanya biyu ce wannan rauni ya fi biyowa. Ta farko ita ce buguwar kai: faɗuwa daga kabu-kabu, ko amalanke, ko bisa itace. Wani yakan tashi ya karkaɗe rigarsa, ya yi ta magana lafiya lau, alhali jini yana tsiyaya cikin kansa. Bayan ƴan awoyi sai barci mai nauyi ya ɗauke shi, a kasa tashinsa.

Ta biyu ita ce masassarar cizon sauro wadda take hawa kai, musamman ga yara ƙanana. Ƙwayoyin cutar suna toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Jama'a ba su manta da damanar 2018 ba. A watan Satumba na wannan shekara, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Magarya tun 2005, ta ba da sanarwa cewa yara wajen 10 ke mutuwa kowace rana a asibitin garin, galibi saboda masassara da tamowa. Sanƙarau ma yana taɓa ƙwaƙwalwa, kamar wanda ya ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022.

Ga alamomin da ya wajaba kowa ya riƙe: doguwar suma, da jijjiga, da yawan amai, da ruɗewar magana, da mutuwar ɓarin jiki, da jini ko ruwa mai fita ta kunne ko hanci. Sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa majinyaci, a ɓata yini ana turare. Wannan yinin shi ne ake asararsa. Wanda ya suma a kwantar da shi bisa gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a cusa masa cokali a baki. In faɗuwa ya yi, a tallafe wuyansa kada ya lanƙwashe. Sannan a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.

A asibiti, yaro mai masassarar kai ana yi masa allurar artesunate, wadda ƙungiyar OMS ta fifita a kan kinin tun 2011. Ana ba shi ruwan sukari da maganin jijjiga, wani lokaci a ƙara masa jini. Mai buguwar kai kuwa, in raunin ya yi tsanani, akan tura shi babban asibitin Damagaram. Hoton sikana shi ke nuna inda jini ya taru, likitan fiɗa ya buɗe ƙoƙon kai ya kwashe shi.

Bayan sallama aiki bai ƙare ba. Wani yakan koma gida da farfaɗiya, ko mantuwa, ko saurin fushi. Wannan ba hauka ba ne, kuma farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Da shan magani kan ƙa'ida, da motsa gaɓoɓi kullum, da haƙurin iyali, da yawa suna samun sauƙi, yara su koma lakkol.

Rigakafi dai ya fi magani. Hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da wajen kashi 70 cikin 100. Gidan sauro, da maganin rigakafin damana da aka soma raba wa yara a Nijar a 2013, suna tsare ƙwaƙwalwar ƙanana. Saboda haka ya kamata hakimai, da masu gari, da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci, su karanta wa maƙwabtansu waɗannan alamomi, kuma kowane ƙauye ya san tun yau abin hawan da zai ɗauki majinyaci in dare ya yi.