Wuƙar Haske a Kusa da Laka

Duk wanda ya taɓa zama wurin masassaƙi yana fafe turmi ya san ba da ido kaɗai yake aiki ba. Yana sara yana ƙwanƙwasawa, yana sauraron amon itacen. Da ya ji gindin ya kusa hujewa sai ya janye gizago. Likitan fiɗa ma haka yake in yana cire ɓangaren ƙashin baya da ya danne jijiya: yana goge ƙashin da ɗan injin da ke juyawa da gudu, kuma hannunsa ne ke gaya masa cewa tauri ya ƙare, taushi na tafe. Wannan taushin kuwa shi ne siririn tantanin da ya lulluɓe laka. In ya yage ruwan laka ya tsiyaye, in aka taɓa lakar kanta mutum na iya rasa ƙafafunsa har abada.

Yanzu masana na son maye gurbin injin da hasken lesa. Theodore Maiman ne ya fara kunna irin wannan haske a Amurka a 1960. Nau'in da ake yanka ƙashi da shi yana tafasa ɗan ruwan da ke cikin ƙashin ne cikin ƙiftawar ido, sai wurin ya tarwatse kaɗan-kaɗan. Ba girgiza, ba taɓawa, yankan kuma siriri ne ƙwarai. Ana fesa ruwa a wurin don sanyaya shi, domin bincike ya nuna tun 1983 cewa ƙashin da ya kai zafin digiri 47 na tsawon minti guda yakan fara mutuwa.

Sai dai fa haske ba shi da hannu. Bai san ya gama da ƙashi ba. Abin da ya fi tayar da hankali, tantanin laka ya fi ƙashi ruwa nesa ba kusa ba, saboda haka hasken ya fi saurin cinye shi. Ashe ke nan wuƙar da ta fi kowace kaifi makauniya ce, dole a nemo mata ɗan jagora.

Jagoran shi ne hoto. Kafin aiki ana ɗaukar hoton CT, wanda aka fara amfani da shi a Landan a 1971, a ba kwamfuta taswirar ƙashin da iyakar da ba za a wuce ba. Amma taswira kaɗai ba ta isa, tunda majinyaci na numfashi, bayansa na motsi. Shi ya sa ake haɗawa da wata na'urar haske mai suna OCT, wadda ke auna zurfin yankan tsakanin harbi da harbi, ko da yake ba ta hango fiye da milimita ɗaya ko biyu. A Jami'ar Basel ta Suwizalan har sauraron ƙarar harbin ake yi, domin amon ƙashi daban yake da na tsoka. Masassaƙinmu dai ya riga su. A Basel ɗin ne kuma, a 2019, wani mutum-mutumi mai suna CARLO ya fara yanka ƙashin ɗan Adam da lesa, a muƙamuƙi. A ƙashin baya kuwa har yanzu galibin aikin na matakin gwaji. Don haka in dillalin asibitocin waje ya ce maka za a yi wa babanka "aikin baya da lesa", ka tambaye shi me hasken zai taɓa. Sau da yawa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ake nufi.

Mu dawo gida. Ba lesa ce matsalar mutumin garin Ɗan Isa ba, amma makantar iri ɗaya ce. Saurayi ya faɗi daga babur a hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ya ce bayansa na ciwo, ƙafafunsa sun yi nauyi. Nan take sai a ciccibe shi, a naɗe shi a bayan mota, a nufi gidan mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, sun ɗora hannuwa da ƙafafu da yawa. Amma ƙashin hannu ba ya ɗauke da laka a cikinsa. Ja ɗaya ko murza ɗaya a bayan da ya karye na iya ƙarasa abin da haɗarin ya bari.

Maimakon haka, a kwantar da shi a miƙe bisa katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kai kada wuya ya juya, a kai shi babban asibitin Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi. Daga can ana iya tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda ake fiɗar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hoton ƙashi da muka saba da shi ƙashi kawai yake nunawa. In likita ya ce sai an yi MRI, lakar ce yake son gani, ba kuɗinku yake hari ba.